Yadda Ake Tantance Fasahar Shirin Almarar Kimiyya Kafin a Shiga Musu

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar shirin talabijin mai dogon zango na almarar kimiyya, irin wanda ake nuna kumbo yana keta sararin samaniya daga wannan tauraro zuwa wancan, ya san cewa magana ba ta ƙarewa da ƙarewar kashin da aka nuna. Da zarar sunayen 'yan wasa sun fara wucewa a allo, sai masoya shirin su buɗe sabon babi: nawa ne gudun kumbon nan, yaya aka yi mutanen ciki suke taka ƙasa da ƙafafunsu alhali babu duniyar da ke jan su, me ya sa na'urar da ta ceci kowa a zangon baya ba wanda ya tuna da ita a yau. Wannan muhawara tana da daraja a wurina, domin ta sa mutane da yawa sun koyi lissafi da ilimin taurari ba tare da an tilasta musu ba. Sai dai sau da yawa takan rikiɗe ta koma musun da ba shi da kai ba shi da gindi, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum, wato mutum biyu suna amsa tambayoyi mabambanta alhali kowannensu yana zaton magana ɗaya suke yi.

Gane tambayar da aka yi

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka buɗe baki, shi ne ka tantance wace tambaya ce a gabanka, domin tambayoyin uku ne kuma kowace da irin hujjar da take karɓa. Akwai tambayar ko abin da aka nuna ya dace da dokokin da shirin ya shimfiɗa wa kansa. Akwai tambayar ko ya dace da kimiyyar da muka sani a zahiri. Sannan akwai tambayar dalilin da ya sa masu shirya shirin suka yi shi haka. Idan wani ya ce na'urar da ke tura mutum daga kumbo zuwa doron wata duniya cikin ƙiftawar ido bai kamata ta yi aiki a wannan kashi ba, domin an taɓa cewa ba ta ratsa garkuwar kumbo, to tambaya ta farko yake yi, kuma duk wanda ya amsa masa da cewa ai irin wannan na'ura ba ta wanzu ba, ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Tambaya ta uku tana da nata daɗin, kuma sanin amsarta yakan kwantar da zafin musu. Shirin Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, ya zo da na'urar tura mutane ne saboda ɗaukar hoton kumbo yana sauka a sabuwar duniya kowane mako ya fi ƙarfin kasafin kuɗi da lokacin da ake da su. Haka nan a Birtaniya, shirin Doctor Who da BBC ta fara a 1963 ya fito da dabarar cewa jarumin yana iya sauya jiki da fuska ne a 1966, lokacin da rashin lafiya ya sa William Hartnell barin aikin, Patrick Troughton ya gaje shi. Waɗannan dalilai gaskiya ne, amma na bayan fage ne. Wanda yake neman bayani daga cikin labarin ba su biya masa buƙata, kuma bai dace a yi amfani da su a rufe masa baki ba. A ganina tambaya ta farko ita ce ma'aunin da ya fi adalci ga kowane shiri, domin mai kallo ya riga ya amince tun farko cewa za a nuna masa abin da babu shi, abin da bai amince da shi ba shi ne a shimfiɗa masa doka yau a karya ta gobe ba tare da bayani ba.

Auna nauyin hujja

Bayan ka gane tambayar, sai ka tattara hujjojinka, ka kuma san cewa ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne abin da aka faɗa ƙarara a cikin shirin kuma labarin ya dogara a kansa. Sai abin da aka nuna ido ya gani amma ba wanda ya yi magana a kansa. Ƙasa da wannan akwai rubuce-rubucen da ke jikin allunan kwamfuta da bangon kumbo a bayan 'yan wasa, waɗanda ya kamata a yi taka-tsantsan da su, domin a tsofaffin shirye-shirye, masu zane sun rubuta su ne da sanin cewa talabijin na wancan zamani ba zai nuna su a fili ba, har wasunsu sukan cusa barkwancin junansu a ciki. Daga nan sai littattafan bayanin fasaha, irin wanda Rick Sternbach da Michael Okuda suka wallafa a 1991 kan kumbon shirin Star Trek na ƙarni na gaba, wato The Next Generation. Mutanen biyu ma'aikatan shirin ne, saboda haka littafin yana nuna abin da ke cikin tunanin masu zane, amma marubutan labari ba a ɗaure suke da shi ba, kuma duk inda littafi da allo suka saɓa, allo ake bi. Hirar da aka yi da marubuci ko furodusa bayan shekaru tana bayyana niyya, ba ta sauya abin da aka riga aka nuna.

Ka kuma tabbatar da wane bugu na shirin kake magana a kai. A 2006 aka fara fitar da tsohon Star Trek da sababbin hotunan kwamfuta a madadin na asali, don haka mutum biyu suna iya kallon kashi ɗaya su ga siffar kumbo ko ta duniya daban, kowannensu kuma gaskiya yake faɗa.

Ka riƙa ambaton zango da kashi da kuma mintin da abin ya faru. Ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ta gani ba tare da ta sanar da mai ita ba, kuma musu mai yawa yakan mutu nan take idan aka koma aka sake kallon wurin.

Yi lissafin da kanka

Nan ne muhawara ke zama ilimi, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ja da baya saboda zaton lissafin yana da wuya, alhali mafi yawansa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Akwai 'yan alƙaluma da ya kamata su zauna maka a ka. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Yakan iso mana daga wata cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, daga rana kuma cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana da nisan shekarar haske 4.2, wato tazarar da haske ke ci cikin shekara huɗu da ɗoriya. Tarin taurarin da muke ciki yana da faɗin kusan shekarar haske 100,000, kuma daga inda muke zuwa tsakiyarsa kusan 26,000 ne.

Ga yadda ake amfani da su. A kashin farko na shirin Star Trek: Voyager, a 1995, an faɗa cewa kumbon, mai suna Voyager, ya tsinci kansa da nisan shekarar haske 70,000 daga gida, kuma komawa za ta ci shekara 75. Wannan hujja ce mai nauyi ƙwarai, domin dukan shirin a kanta aka gina shi. Raba 70,000 gida 75, za ka samu 933, wato kumbon yana ninka gudun haske sau ɗari tara da wani abu. Sake raba wannan da kwanakin shekara, sai ka ga yana cin kusan shekarar haske biyu da rabi a kowace rana. Yanzu ka samu ma'auni a hannunka: zuwa tauraro mafi kusa bai kai kwana biyu ba, zuwa tsakiyar tarin taurarinmu kuwa kusan shekara 28 ne. To sai ka ɗora wannan a kan fim na biyar na jerin finafinan Star Trek, wanda ya fito a 1989, inda kumbon da ya girme wa Voyager da shekaru masu yawa a cikin labarin ya kai tsakiyar tarin taurarin cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Saɓani ne na gaske, kuma ka gano shi da alƙaluman da shirin ya bayar da bakinsa, ba ka aro ko ɗaya daga waje ba sai nisan tsakiyar.

Batun nauyin jiki a cikin kumbo ya fi wannan daɗin aunawa, domin ana iya gwada shi da agogo. Hanya biyu kimiyya ta sani ta samar da nauyi a sarari: ko dai a juya mazaunin kamar taya, ko kuma inji ya yi ta tura kumbon yana ƙara gudu babu tsayawa. Idan shirin ya nuna tasha mai juyawa, irin ta shirin Babylon 5, ka tsayar da ido a kan alama ɗaya a jikinta, eriya ko taga mai haske, ka danna agogo, ka ƙirga daƙiƙa nawa take yi kafin ta dawo inda ta fara. Ninka wannan adadi da kansa, ka raba gida huɗu. Abin da ya fito shi ne nisan da ake buƙata, a mita, daga tsakiyar tayar zuwa daɓen da mutane ke takawa, idan ana so su ji nauyi irin na doron duniyarmu. Idan zagaye ɗaya daƙiƙa 30 ne, 30 sau 30 ya ba da 900, rubu'insa 225, don haka daɓen ya kamata ya kasance mita 225 daga tsakiya. Idan zagayen minti ɗaya ne cur, sai mita 900. Idan kuwa ka ga 'yar ƙaramar taya da ba ta wuce mita 20 daga tsakiya ba tana juyawa a hankali sau ɗaya cikin minti, amma mutanen ciki suna tafiya ƙyam kamar a gida, to nauyin da juyin zai ba su bai kai kashi uku cikin ɗari na abin da ake nunawa ba, kuma kana da damar ka faɗi haka da ƙwarin gwiwa.

Hanya ta biyu ita ce wadda shirin The Expanse, da aka nuna daga 2015 zuwa 2022, ya riƙe da gaske. Kumbunansa an gina su kamar bene mai hawa-hawa da inji a ƙasa, ta yadda turin injin ke manna ƙafafun mutane da daɓe, kuma a tsakiyar tafiya dole kumbon ya juya baya ya ci gaba da hura wuta domin rage gudu. Idan aka kashe inji, komai sai ya tashi yana lilo. Lissafi ya nuna cewa kumbon da ke tafiya haka da turi daidai da nauyin duniyarmu zai ci kilomita miliyan 225, wanda shi ne matsakaicin nisan da ke tsakaninmu da duniyar Mars, cikin kusan kwana uku da rabi. Abin da babu shi a zahiri shi ne injin da zai jure wannan aiki da ɗan man da kumbo ke iya ɗauka, kuma shirin ya ƙirƙiro injin ne ya sa masa suna, sannan ya bi abin da ya biyo bayan ƙirƙirar da aminci. A irin wannan shiri, abin da za ka sa wa ido shi ne alƙiblar daɓe, da yadda ruwa ke zuba a kofi, da ko gashin 'yan wasa da igiyoyin da ke rataye sun yi daidai da halin da aka ce inji yana ciki.

Kada ka manta da jinkirin saƙo. Tsakanin duniyarmu da Mars saƙon rediyo yakan ɗauki daga kusan minti 3 zuwa minti 22 a tafiya ɗaya, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Idan shirin bai taɓa cewa yana da hanyar sadarwa da ta fi haske sauri ba, amma ya nuna mutum biyu suna hira kai tsaye a kan wannan tazara, ka kama kuskure. Idan kuwa ya faɗa tun farko cewa yana da ita, ba ka da ta cewa.

Girman kumbo shi ne abin da ya fi yaudara. Dabarar ita ce ka nemi hoton da mutum ko ƙofa ke jikin kumbon, ka ɗauki tsayin ƙofa a matsayin kusan mita biyu, hawa ɗaya kuma tsakanin mita uku zuwa huɗu, ka ƙirga layukan tagogi. Amma ka sani cewa madubin kyamara yana sauya girman abu gwargwadon nisansa, kuma masu haɗa hotuna sukan ƙara wa kumbo girma ko su rage shi domin hoton ya yi kyau. Saboda haka kada ka yanke hukunci da hoto ɗaya; ka auna uku ko huɗu, ka bayar da amsarka a matsayin daga kaza zuwa kaza.

Idan aka zo kan kimiyyar zahiri

A nan akwai abubuwan da an riga an gama magana a kansu, kuma maimaita su ba ya ƙara wa kowa sani. Sauti ba ya tafiya inda babu iska, don haka ƙarar fashewa a sarari ado ne na masu shiri, ko da yake shirin Firefly na 2002 ya zaɓi barin sararin shiru kuma hakan ya yi masa kyau. Duwatsun da ke zagaye rana tsakanin Mars da Jupiter ba cunkushe suke ba, tazarar da ke tsakaninsu tana da girman da kumbuna marasa matuƙi suka sha ratsa yankin lafiya tun daga Pioneer 10 a farkon shekarun 1970. Mutumin da ya faɗa sarari babu rigar kariya ba ya fashewa, ba ya kuma daskarewa nan take. Yakan suma ne cikin kusan daƙiƙa 15 saboda rashin iskar shaƙa.

Abin da na fi so masoya shiri su riƙa tayarwa shi ne zafi, domin kusan kowane shiri yana tsallake shi. Mutane suna zaton matsalar kumbo sanyi ne, alhali babbar wahalarsa ita ce yadda zai zubar da zafin da injinsa da na'urorinsa da jikunan mutanensa ke fitarwa, tun da babu iska ko ruwan da zai kwashe shi. Shi ya sa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take ɗauke da manyan faifan fitar da zafi, farare, ban da faifan da ke tattara hasken rana. Kumbon yaƙin da ke harba makamin haske mai ƙarfin narkar da dutse, amma babu ko faifai ɗaya a jikinsa, ya bar tambayar da ta cancanci a yi masa.

Game da gudun da ya wuce na haske, ka yi hattara da masu cewa kimiyya ta tabbatar da shi. Abin da ya faru shi ne, a 1994 masanin kimiyyar lissafi ɗan ƙasar Meziko, Miguel Alcubierre, ya nuna cewa ƙa'idar Einstein ba ta hana a tauye sarari a gaban kumbo a buɗa shi a bayansa ba, amma yin hakan yana buƙatar wani irin makamashi da ba wanda ya san yadda za a same shi da yawan da ake bukata. Lissafi ne a takarda, kuma haka ya kamata a gabatar da shi. Ka kuma sani cewa yawancin dogayen kalmomin fasaha da injiniyan kumbo ke zubowa ba su da wata ma'ana a ƙarƙashinsu, domin marubutan Star Trek na ƙarni na gaba sukan bar gurbi a rubutun labari, masu ba da shawara kan kimiyya su cike shi daga baya. Ɗaya daga cikin waɗannan mashawarta, Naren Shankar, shi ne daga baya ya jagoranci The Expanse.

Yadda ake ɗinke ɓaraka

Bayan an tabbatar da saɓani, masoya shiri sukan so su kawo bayanin da zai daidaita shi daga cikin labarin, kuma wannan aiki ne mai kyau idan an kiyaye sharuɗɗansa. Bayanin da za ka kawo kada ya karya wata doka da shirin ya riga ya faɗa. Kada ya buƙaci ƙirƙiro sababbin na'urori uku domin a rufe rami ɗaya. Sannan, kuma wannan ne sharaɗin da aka fi mantawa da shi, ka bi shi zuwa ƙarshensa ka ga abin da zai haifar a sauran sassan shirin. Idan ka ce kumbon ya kai tsakiyar tarin taurari da wuri ne saboda akwai wata gajeruwar hanya a sarari, dole ka amsa dalilin da ya hana Voyager neman irinta, da dalilin da ya hana mayaƙa amfani da ita a yaƙe-yaƙen da aka nuna. Bayanin da ya warware matsala ɗaya ya ɓalle biyar bai yi aiki ba, komai kyawunsa.

Wani lokaci masu shirin da kansu sukan dawo su yi ɗinkin. Mutanen Klingon, wata ƙabila ta wata duniya a Star Trek, a shirin 1966 goshinsu sumul yake, amma daga fim ɗin 1979 sai suka fito da goshi mai tudu-tudu, saboda an samu kuɗi da ƙwarewar kwalliya. Masoya sun shafe shekaru suna kawo bayanai iri-iri, har a 2005 shirin Star Trek: Enterprise ya ba da labarin wata cuta da gwajin sauya ƙwayoyin halitta ya haifar, wadda ta shafe tudun goshin wasu zuriya. Daga ranar da aka nuna wannan, shi ya zama hujja, bayanan masoya kuma suka koma hasashe, ko da wasunsu sun fi shi tsari.

Idan ka zo gabatar da naka, ka raba maganarka gida uku a fili yadda mai sauraro zai san inda yake taka: ga abin da aka nuna, da zangonsa da kashinsa, ga abin da na lissafa daga gare shi, da alƙaluman da na yi amfani da su domin kowa ya sake gwadawa, ga kuma abin da nake hasashe. Idan maganar za ta taɓa abin da ya faru a zangon gaba, ka tambayi abokin hirarka inda ya tsaya a kallo kafin ka ci gaba. Idan kuma wani ya sake lissafinka ya samu amsa daban, ku fara duba ma'aunin da kowa ya yi amfani da shi, ko mil ne ko kilomita, ko faɗin taya gaba ɗaya aka ɗauka ko rabinsa, ko tafiya ɗaya ce ko zuwa da dawowa, domin a nan ne mafi yawan bambancin ke ɓuya.